Bayan an sa sabon fistin: baƙin mai na gama-gari ko sintetik?

Tun da bakanikena a Gusau ya faɗaɗa silindar roba-robata ya sa babban fistin, 'yan uwa ke ta tambayata wane baƙin mai za su zuba, na gama-gari ko sintetik, wato wanda ake haɗawa da sinadarai.

A kuɗi dai na gama-gari, irin mai lambar kauri 20W-50, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ko a bakin titi ka same shi. Sabon ringi yana buƙatar ya ɗan gogi bangon silinda kafin ya zauna, juyen farko kuma da wuri ake yinsa. Da na juye nawa a tasa, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a rana. Wa zai zubar da mai tsada haka?

Sintetik kuwa ya fi jure zafi, bai saurin tsinkewa, ya fi daɗewa. Sai dai jabunsa ya yi yawa, kuma ƙurar hunturu ba ta san tsada ba.

Mai sabon aikin inji da ɗan kabu-kabu mai yawan juye, na gama-gari ya ishe su. Wanda injinsa ya riga ya zauna, yake zirga-zirgar Gusau zuwa Talata Mafara cikin zafin bazara, sintetik ne nasa.