Gora, Mulinai ko Birgi: Me Za Ka Saya Kafin Ka Gangara Bakin Kogi a Yamai?

Duk wanda ya shiga kasuwa neman kayan fatsa, sanda ce ke fara ɗauke masa hankali, musamman mai ƙyalli da na'urar naɗe zare da muke kira mulinai. Ni kuwa na ce a fara da zare da ƙugiya. Su ne ke haɗuwa da kifi, kuma su ne ke cin amanar mutum.

Tambayar farko: wane kifi kake so? Idan karfasa ce da kurungu don miyar gida, gorar daji mai tsawon mita uku zuwa huɗu ta ishe ka. Ka sa mata zaren roba siriri, kamar 0.20 ko 0.25 na milimita, da 'yar dalma da ƙaramar ƙugiya lamba 8 ko 10. A lura, lambar ƙugiya a juye take: yawan lamba, ƙanƙantar ƙugiya. Manya kuwa su ake rubuta wa 1/0, 2/0 zuwa sama. Bakin karfasa ƙarami ne, in ka ba ta babbar ƙugiya sai ta tsattsage tanar ta bar ka da ƙarfe.

Tarwaɗa ba ta da tsirfa. Tana kiwo a ƙasa, cikin laka, da hanci da gashin baki take neman abinci. Tana, hanjin kaza, har guntun sabulu wasu ke sa mata koto. Nan zare 0.35 zuwa 0.40 da dalma mai nauyi sun fi kowace tsadaddiyar sanda amfani.

Inda mulinai ke biyan kuɗinsa shi ne wajen giwan ruwa, wanda masu sayar da kifi ke kira kafitan. Kifi ne da kan wuce kilo 100 in ya samu shekaru, kodayake wanda za ka ci karo da shi a nan bai kai ko kusa ba. In ya ɗauki koto yakan zabura da gudu, kuma gora ba ta da zaren da za ta sakar masa. Kafin ka biya, ka buɗe birkin mulinan ka ja zare da hannu: in yana fita sumul, madalla; in yana fizga yana tsayawa, ajiye shi ko da kyauta ne. Ka kuma shafa cikin zobban sandar da yatsa, don zobe mai kaushi shi ke cinye zare a hankali.

Zaren saƙa ko na roba? Na saƙa ya fi ƙarfi a kauri ɗaya, ba ya miƙewa, ko ɗan taɓi kifi ya yi za ka ji a hannu. Amma yana da tsada kuma dutse na yanka shi. Na roba yana jure gogar dutse, sai dai rana na kashe shi. Wanda aka shanya a rumfa wata da watanni cikin zafin Yamai ya riga ya mutu tun kafin ka saya. Ƙulla shi ka ja da ƙarfi a gaban mai kaya. In ya ɓata rai, wuce gaba. Mai neman kifin tsage kuma dole ya sa guntuwar waya kafin ƙugiya, don haƙoransa na datse kowane zare.

Akwai kuma ƙugiyar da ake yi wa ado da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Ba sai ka sayi na waje ba. Gashin zabo, na wuyan zakara, zaren ɗinki da ɗigon gam sun isa: ka naɗe zare a jikin ƙugiya, ka ɗaure farin gashi ya zarce ta baya, ka ƙulle a kai. Sai dai da ido kifi ke cin ta, don haka lokaci ne da ita. A Agusta da Satumba, sa'ad da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke zubo jan ruwa, kifi ba ya ganin komai, koto mai wari ne ke aiki. Bayan ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini ya iso a Disamba da Janairu, ya fara ja baya yana washewa, nan ne gashin ke ci.

Birgi fa, wato ragar da ake jefawa? Ya fi fatsa kawo kifi, babu musu, amma jifarsa sana'a ce da Sarkawa ke koya tun suna yara, kuma ƙasan kogi mai duwatsu da itace na yayyaga shi. In neman abinci ne ya kai ka, sayi mai ido madaidaici, ka bar ƙanana su girma, sannan ka nemi takardar izini wajen jami'an gandun daji. Gidan sauro ba kayan kamun kifi ba ne. Wurin da za ka tsaya kuma, tambayi masuntan wajen tukuna, su suka san inda dorina ke kwana.