Gidan marayu na gwamnati ko mai zaman kansa? Amsa ga 'yar uwar da ke son ɗaukar riƙo

Assalamu alaikum. 'Yar uwa da kika yi tambaya jiya, kin ce shekararku 11 da aure Allah bai kawo haihuwa ba, maigida ya yarda ku ɗauki riƙon jariri, amma an raba miki hankali biyu, wasu sun ce ki bi ta gidan marayu na gwamnati, wata kuma ta ce ta san wani gida mai zaman kansa da za a ba ki yaro cikin sati biyu in kin biya. Allah Ya ba ku lada a kan wannan niyya, Ya kuma ba ku naku masu albarka. Yayata ta bi wannan hanyar, ni na dinga raka ta, shi ya sa na kasa yin shiru.

Na gwamnati tukun. A nan Kano wanda kowa ya sani shi ne gidan yara na Nassarawa, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Mata ta jiha, don haka ma'aikatar za ki fara tunkara, ba a zuwa bakin get a ce a nuna min yara in zaɓa. Yaran da ke can kala-kala ne, akwai wanda aka tsinta a bakin masallaci ko uwa ta gudu ta bari a asibiti 'yan sanda ko Hisba suka kai, akwai kuma wanda ɓata ya yi ana kan cigiyar iyayensa, kinga wannan ba za a ba kowa shi ba. Za ku rubuta takardar nema, jami'an walwala su zo har gida su ga inda yaron zai kwana, su tambayi sana'ar maigida da lafiyarku, su nemi masu tsaya muku. Aibinsa ɗaya ne kuma babba ne, jinkiri. Je ki dawo, ba ya nan, fayil na kan tebur, ga shi kusan kowa jaririya mace sabuwar haihuwa yake so don haka layin dogo ne. Yayata ta sha kuka a adaidaita muna dawowa. Amma ranar da aka miƙa mata yarinyar da takarda aka miƙa, an san ranar da aka tsince ta, an san wa ya kai ta, hukuma ta san tana hannunta. Yau ko wa ya ƙwanƙwasa mata ƙofa tana da abin nunawa.

Masu zaman kansu kuma kar mu yi musu kuɗin goro, akwai bayin Allah da ke ciyar da marayu da aljihunsu, kuma sau da yawa sun fi kula da tsafta da karatu saboda yaran ba su da yawa. Sai dai ki lura, yawancin yaransu marayu ne masu dangi, uba ya rasu uwa na nan da ranta ba ta da hali, ko kaka ce ta kawo. Irin waɗannan ɗaukar nauyi suke buƙata, kuɗin makaranta, kayan sallah, ziyara, ba wai ki tafi da su gidanki ba. Kuma gida mai zaman kansa ba shi da ikon ya ba ki ɗan mutum shi kaɗai. Mai rajista na gaskiya da kansa zai ce miki Hajiya sai mun bi ta ma'aikata, kinga kin dawo layin farko ke nan, bambancin kawai su suka raini yaron kafin ki karɓa.

To wannan na sati biyun shi ne ya hana ni barci. Dan Allah ki yi wa matar da ta kawo miki maganar tambaya uku kawai: ina takardar rajistar gidan, daga ina yaron ya fito kuma wa ya shaida, sannan ma'aikata da kotu za su sa hannu? In kika ji an fara ai ba sai an shigo da gwamnati ba, ko aka ce miki kuɗin namiji daban na mace daban, ko a ce ki ɗaura tsumma a ciki na wasu watanni don mutane su ɗauka ke kika haifa, wallahi ki tattara zaninki ki gudu, wannan ciniki ne. Mu Kanawa ba labari aka ba mu ba, a 2019 yara 9 aka gano a Onitsha ta jihar Anambra, an sace su daga unguwanninmu an sayar, an canja musu suna, wasu har Hausar ta gudu daga bakinsu. Waɗanda suka saye su ma ai 'ya'ya suke nema kamar ke. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ba ta bar mai saye ba, kuma NAPTIP, hukumar da ke yaƙi da fataucin mutane, na da ofis a nan Kano, in abin ya yi miki wari can za ki kai rahoto.

Sai abin da ko ta wace hanya kika bi yana nan, wato addini. Riƙo muke yi, kafala, ba mayar da ɗa naka ba. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu, a kan haka aka daina ce wa Zaidu ɗan Muhammad aka koma Zaidu bin Harisa. Ba ya cin gadonku, amma kuna iya yi masa kyauta kuna raye ku damƙa masa, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba, ku rubuta da shaidu tun yanzu, don an sha ganin ɗan riƙo a titi ranar da aka gama zaman makoki. Maganar muharramaka kuma shayarwa ke warware ta matuƙar yaron bai wuce shekara 2 ba. In namiji ne ƙanwarki ko yayarki mai goyo ta shayar da shi, kin zama innarsa. In mace ce 'yar uwar maigida ta shayar da ita, ya zama kawunta. Shi ya sa shekarun yaron ke da muhimmanci, ku zauna da malaminku kafin ku rubuta abin da kuke nema a takarda.

Ban sani ba ko kun duba cikin dangi, riƙon ɗan 'yan uwa mun gaje shi kaka da kakanni, babu fayil babu layi, kin san asali kin san jini. Illarsa dai kin sani, sai kin raine shi ya zama mutum a zo a ce a ba mu abinmu.

Ni dai in ni ce ke, ma'aikata zan nufa in jure jinkirin, in kuma dinga kai ziyara wani gida mai rajista ina ɗaukar nauyin yaro ɗaya kafin nawa ya fito, zuciya tana samun sanyi. Ranar zuwa ku je tare da maigida, ana ɗaukar magana da muhimmanci in an ga ku biyu. Ki riƙe ɗan littafi kina rubuta sunan jami'in da kuka gani da kwanan wata, duk abin da kuka biya ku karɓi rasit, in an ba ku yaron kuma ku wuce asibiti a duba jininsa a gwada sikila tun a satin farko.