Robar sitacin rogo ko ta jelatin: wacce ta fi a saƙar awarwaro?

Ƙanwata, kin tambaya tsakanin robar da ake dafawa da sitacin rogo da ta jelatin (garin nan da ake yin jeli da shi), wacce za ki yanka siri-siri ki saƙa awarwaro da 'yan kunne. Duka biyun sun bi ta hannuna.

Ta rogo ba ta cin kuɗi. Babban cokali 1 na sitaci, 4 na ruwa, ƙaramin cokali 1 na binega, 1 na gilisarin, wanda dai muke saya a kemis saboda kaushi. Ki yi ta juyawa a wuta kaɗan kamar talge har ya yi garau, ki shimfiɗa a faranti ya sha iska kwana 3. Sai dai wajen bushewa takan tsuke, gefenta ya nannaɗe. A watan Janairu na saƙa kusan tsawon yatsa da ita, ina lanƙwasawa ta ce ƙas. Iskar hunturun Kaduna ta zuƙe mata ruwa tas. In kin ƙara gilisarin, ta yi laushi, amma ta daina jure ja.

Jelatin kuwa a ruwan zafi ake narkar da shi, kada ya tafasa. Yana fitowa kamar gilashi. Ranar da na zuba masa ruwan zoɓo na ɗaga shi a rana, jan nan sai da ya sauka a tafin hannuna. Yana lanƙwasuwa, yana shiga ƙarƙashin zare ya fita bai tsinke ba. A saƙa, ya yi wa rogo nisa.

Aibinsa laima da zafi. Zufa kaɗan ya fara danƙo, a watan Agusta kuma in kin rufe shi a leda sai fumfuna. Sannan don Allah ki karanta jikin kwalin: daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, da yawa na alade ne. Na saniya mai shaidar halal ko na kifi za ki nema.

Ni dai 'yan kunne masu faɗi nake yi da rogo, tunda ba sa lanƙwasuwa. Awarwaro sai jelatin, zaren tsaye na auduga daga Kasuwar Barci, a yi masa shafi da yadi ta ciki kada ya taɓa fata. Ki kuma gaya wa mai saye ta riƙa cirewa kafin alwala.