Wutar solar garinmu, kamar yadda firizata ta shaida

Duk mai son jin gaskiyar wutar gari, ya tambayi mai sayar da ƙanƙara. Mai cajin waya zai iya maleji da wutar awa huɗu, mai gidan kallon ƙwallo awa biyu ta ishe shi, amma ƙanƙara ba ta karɓar uzuri. Ko dai ta daskare, ko ka wayi gari da ledojin ruwan sanyi kana neman wanda zai saya.

Ni malamar firamare ce. Albashin ƙaramar hukuma kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, dole sai da 'yar sana'a a gefe, tawa kuma ita ce ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Garinmu bai taɓa ganin wutar gwamnati ba. Akwai dai falwayoyi guda goma sha wani abu da wani ɗan takara ya kafa tun ina amarya, waya ce ba ta iso ba har yau, awaki ke sosa baya a jikinsu. Kafin zuwan sola, daga hedikwatar ƙaramar hukuma ake kawo min ƙanƙara a bayan babur, cikin buhu an lulluɓe ta da ɓuntun shinkafa. Kafin ta iso kashi ɗaya cikin uku ya bi ƙasa, kuma ni ce mai biyan kuɗin wadda ta narke.

A ƙarshen 2022 aka tara mu ƙofar gidan dagaci. Mutanen wani kamfani ne suka zo tare da jami'an hukumar samar da lantarki a karkara, wato REA. Gari ya ba da fili a bayan makarantarmu, aka kewaye shi da waya, aka jera farantan sola layi-layi, aka ajiye kwantena guda mai ɗauke da batura, da babban injin gas a gefe don ranar da rana ta gaza. Daga nan aka ja waya unguwa-unguwa.

Bari in tsaya a nan, domin har gobe akwai masu cewa a majalisa wai Bankin Duniya ne ya ba mu wutar kyauta kamfani ya danne yana sayarwa. Ba haka zancen yake ba. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 ga shirin kai lantarki karkara a Najeriya, bashi ne a kan ƙasa, REA ke riƙe da shi. Kamfani shi zai nemo kuɗinsa ya gina, ya haɗa gidaje, sai an zo an duba an tabbatar wuta tana shiga, sannan a biya shi tallafi a kan kowane gida ko shago, wanda a farkon shirin dala 350 ne. Garin Rokota na jihar Neja shi ya fara samun irin wannan a Disambar 2019. To ka ga tallafin wani ɓangare ne na kuɗin gini. Albashin ma'aikata, gas, gyara, sabbin batura da ribar masu jari, duk daga aljihunmu za su fito. Wanda ya fahimci wannan tun farko ba zai sha mamakin farashin ba. Ni ban fahimta ba sai da na sha.

Mitar ba a cikin gida take ba, tana can saman falwaya cikin akwati. Za ka kai kuɗi wurin wakilinsu mai shagon POS a bakin kasuwa, ya danna, saƙo ya shigo wayarka, wuta ta dawo. Lokacin da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, sai da muka koma tura masa ta waya, ranar da sabis ya ƙi kuwa sai a kwana a duhu da kuɗinka a asusu.

Ranar farko na jona tsohuwar firizata 'yar Kwatano, wadda na saya hannun wata 'yar uwa a birni. Ta yi gurnani sau ɗaya, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Aka dawo da ita, ta sake ɗaukewa. Na aika autana ya kira yaron da kamfanin ya ɗauka aiki, ɗan garin nan ne, ni na koyar da shi a aji huɗu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya leƙa bayan firizar, ya yi murmushi.

"Malama, ai wannan tsohuwar idan za ta tashi, jan da take yi ya ninka na zamanta sau uku ko fiye. Mitarki kuma an sa mata iyaka, ajin masu ƙwai da fanka aka rubuta ki."

"To ɗana, wa ya tambaye ni ajin da nake so?"

Ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya tambaya. Sai da aka kwana biyu kafin a mayar da ni ajin masu sana'a. Kuma ya gaya min gaskiya, cewa ko an canza, wannan firizar za ta cinye ribar, don robar murfinta ta saki, injinta ba ya hutawa. Na yi gardama na wata guda, lissafi ya kayar da ni. Na karɓi sabuwa daga hannun kamfanin a kan biya kaɗan-kaɗan na shekara ɗaya. Da na haɗa jimillar, ta fi kuɗin kasuwa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Tsada ce, amma ban da wani mai ba ni bashin firiza ba tare da jingina ba, kuma cin wutarta bai kai rabin na tsohuwar ba.

Abin da ya fi komai amfanata, wanda babu wanda ya faɗa a taron ƙofar dagaci, shi ne wutar rana da ta dare ba kuɗinsu ɗaya ba. Da rana kai tsaye take zuwa daga farantan, har ta yi musu yawa, don haka da sauƙi. Da dare daga batir take fitowa, batir kuwa shi ne abu mafi tsada a cikin kwantenar nan, kuma duk dare yana ƙara tsufa. Sai na juya tsarin aikina. Da na idar da sallar asuba nake ƙulla ledoji, in jera su ba tare da na danne su da yawa ba, don sanyi ya ratsa. Ƙarfe takwas da rabi, kafin in fita makaranta, in kunna. Tana aiki har la'asar sakaliya. Da dare ba mai taɓa murfin, na kafa doka, har maigida ya san ruwansa na cikin randa. Nakan bar jerin manyan ƙulli a ƙasa da ba na sayarwa, su ke riƙe sanyin har safe. Ashe ƙanƙarar ma batir ce, kuma ba ta neman canji bayan shekara uku.

Azumin 2024 ne ya biya ni. An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, cikin zafin da ko tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta wuce 600, masu haɗa ƙanƙara da janareta a hedikwata suka ninka farashi, mai babur ma ya ninka nasa. Ni kuwa firizata na nan tana ta aikinta da rana. Da an yi la'asar zauren gidanmu yake cika da yara, wannan da kula, wannan da kwanon sha, wannan da tsohon zani da zai naɗe. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da take zuwa da kanta, ta zauna a dokin ƙofa, ta ɗora ledar a bayan wuyanta tukuna kafin ta ɗaure ta a gefen mayafi. "'Yar nan, bari in fara shan ruwa ta fata," in ji ta. A watan nan na ƙarasa biyan firizar kafin wa'adi, ragowar na sayi tunkiya.

To amma ba kullum ake kwana a gado ba.

Farantan nan abokan gabarsu biyu ne: ƙurar hunturu da hadarin Agusta. Ta hunturu da sauƙi, wanki take so, kuma idan yaran suka yi kwana huɗu ba su wanke ba, a fankar ɗakinka za ka gane tun kafin ƙarfe uku na dare. Ta damina ce matsala. Idan aka yi kwana uku rana ba ta leƙo ba, batura ba sa cika, a nan ne injin gas ya kamata ya karɓa. A Agustan shekara ta biyu bai karɓa ba. Dare uku a jere wuta na ɗaukewa wajen ƙarfe ɗaya, ba ta dawowa sai hantsi. Ranar ta zo daidai da na karɓi aikin kunun aya gora ɗari na wani suna, wanda dole sai firizar ta kwana a kunne. Duk mai yin kunun aya ya san halinsa, ba ya jiran kowa. Da safe na buɗe gora ɗaya, warin tsami ya doke ni, har ya fara yauƙi. Aya, dabino, kwakwa, sukari, duk suka tafi kwata, na mayar wa mai jego kuɗinta haɗe da ban haƙuri.

Na je wurin kwantenar da kaina. Yaron ya ce, "Wallahi Malama gas ne bai zo ba, motar ta maƙale a mashigin rafi tun shekaranjiya." Na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba, kamfanin da ke iya turo min saƙo cikin minti ɗaya idan kuɗina ya kusa ƙarewa, ya kasa turo saƙo ɗaya cewa yau wuta ba za ta kai safe ba. Da na sani, ai da ban jiƙa ayar ba.

Haka ma ƙarin kuɗi. Sau biyu aka ƙara, duka biyun a saƙon waya muka gani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: dalar da gwamnati ke lissafawa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, batir da inbata kuma ba a Kano ake ƙera su ba. Na fahimta. Amma da za a karɓi fili an san hanyar gidan dagaci, an kawo lemo da rumfa. Da za a ƙara kuɗi sai aka manta hanyar. Mu masu sana'a mun ɗora a kan kaya mun wuce. Gidajen da ƙwai biyu da cajin waya kawai suke yi, da yawansu yanzu sai ranar kasuwa suke sa kuɗi, sauran kwanakin sun koma tocila, ga waya nan ta ratsa saman rufinsu.

Inda ba ni da ƙorafi ko kaɗan shi ne ruwa. An jona rijiyar burtsatsen unguwarmu, wadda da sai an yi karo-karon fetur kafin a tayar da injinta. Yanzu tanki yakan cika kafin azahar, kwamitin unguwa na karɓar 'yan kuɗi a kan jarka suna biyan mitar. Ni da nake ƙulla ruwan da yaran mutane za su sha, wannan ba ƙaramin abu ba ne, na daina dafa ruwan rijiya ina jira ya huce.

A shekara ta uku aka zo da mota aka kwashe baturan farko, masu dalma, aka sa na litiyam. Tun daga nan dare ya daina yankewa, ko a damina sai jefi-jefi. Na tambayi babban injiniyan da ya zo ina za a kai tsofaffin. Ya ce, "Hajiya, akwai masu karɓa." Su wa? Ya yi dariya ya shiga mota. Ba don neman magana na tambaya ba. Ina ganin yadda 'yan gwangwan ke sayen matattun baturan sola na gidaje, su fasa su da guduma a bayan kasuwa, su tuttular da ruwan a ƙasa, yara na wasa a wurin. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba zai ɗauki wannan wasa ba. Can daga dutsen zinare ta fito, nan daga batir, amma dalma dai dalma ce. Kamfanin da ya rubuta kare muhalli a jikin allonsa, ya kamata a ce yana da amsar da ta fi dariya, har ma ya riƙa karɓar na gidajen mutane. Kodayake ni ma ba zan cika baki ba. Rabin ledojin da suka toshe kwatar layinmu daga firizata suka fito. Gorunan dai ina sa yara su dawo min da su, ledar ce har yanzu ban san yadda zan yi da ita ba.

Makon jiya matar yayana ta kira ni daga ƙauyensu, an ce su ma za a kai musu, cikin sabon shirin da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 750 a Disambar 2023. Tana tambaya ko ta sa suna.

Na ce, "Yaya, ki sa. Amma ki sa da niyyar sana'a, ko markaɗe ko firiza, abin da zai yi aiki da rana ya biya kansa. Kuma ranar taro kada ku bar wa maza maganar su kaɗai. Ki miƙe ki tambaya nawa ne na rana, nawa ne na dare, wa za a sanar kafin a ƙara, kuma a rubuta a takarda dagaci ya ajiye kwafi."

Ta ce ita kunya take ji ta yi magana gaban mutane. Na ce to ta faɗa min ranar, zan nemi izinin hedimasta in zo.