Karatun gida wajen Madam ta Sabon Gari: inda ta burge ni da inda ban gamsu ba

Jama'a sun ishe ni da tambaya tun da suka ji na cire yarona daga lakwal na kai shi wajen matar nan mai karantar da yara a gidanta a Sabon Gari nan Zinder, to ga bayani sau ɗaya kowa ya huta. Sunanta ba zan faɗa ba don ba ta ce in yi mata talla ba, a unguwa dai Madam ake ce mata. Tsohuwar malamar firamare ce, ta daɗe tana riƙe da ƙananan azuzuwa, CP da CE1, kafin ta aje aiki. Yara takwas take ɗauka ba ƙari, daga shekara 5 zuwa 10, safe ƙarfe takwas zuwa sha biyu, a zaure ko a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, da yamma kowa ya tafi makarantar allonshi. Kuɗi jikka goma sha biyar a wata, kaye da bik naka ne.

Tsarinta shi ne ba ta zuwa da darasi a shirye ta ɗora wa yaro, sai ta fara gano abin da ya ɗauke mishi hankali sannan ta bi ta nan. Satin farko ma ba ta koya komai ba, kallonsu kawai take tana tambayarmu iyaye, har baban yaran ya fara ƙorafi wai mun biya kuɗin wasa. Nawa yaron shekararshi 8, a lakwal malaminshi kullum cewa yake ba ya ji, kalkil kuwa in ka ga kayenshi sai ka yi kuka, amma a gida tattabaru ne rayuwarshi, ya san kowace da wadda take aure da wadda ta ƙi kwanci. Madam ta ce to shi ke nan mun samu littafi.

Wallahi abin da na gani da idona. Ta sa shi ya zana kalanda a kwali, ranar da tattabara ta yi ƙwai ya sa alama, ƙwai biyu suke yi dama kuma wajen kwana 18 suke ƙyanƙyasa, to shi zai lissafa ranar da za a ga 'ya'ya, in wata ya ƙare a tsakiya dole ya san wane ne mai 30 wane ne mai 31. Daga nan ta wuce da shi kan gero, tiya ɗaya kwana nawa take kai musu, nawa ake saida tiya, in ya saida tattabaru biyu ya ci riba ko ya faɗi. Ta tura shi Kasuwar Dole da yayanshi ya tambayo farashi da bakinshi ya rubuto, ya dawo yana masifa wai mai tsuntsaye ya so ya cuce shi da dala ashirin, yaron da sau uku da huɗu ke gagara! Rubutun kuma da Hausa take fara sa su, sai in ya zauna ta juya shi Faransanci, ni wannan ya yi mini daidai, balle tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance.

Sauran yaran ma haka. Akwai yarinya mai son ɗinki, da tef ɗin tela ta koyi santimita da rabi da kwata. Wani kuma shi ruwa ne damuwarshi, to ai ɗan Damagaram ne dole, sai ta sa shi ƙirga bido nawa mai lita 25 'yan ga-ruwa ke kawo musu a sati, ta yi mishi bayanin yadda ruwan ke tahowa daga Gogo da Arunguza kafin ya iso famfo in ya ga damar isowa. Ta kai su Birni sun ga fada da guntayen ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun, a can yarona ya ji cewa Zinder ce hedikwatar Nijar kafin Turawa su maida ta Yamai a 1926, ya dawo ya tsare kakanshi da tambaya har magariba.

Ita da kanta ta ce ba ita ta ƙirƙiro ba, ta ambaci Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a Roma a 1907, da John Holt malamin Amurka da ya yi ta kiran a bar yaro ya koya a gida ta abin da yake so a shekarun 1970. Amma ta faɗa mana gaskiya ba ta da wata takardar shaida ta wannan fanni, karance-karance ne da gogewar aji.

To yanzu inda ban gamsu ba, kuma nan ne ya kamata ku buɗe kunne. Faransanci ya yi baya. Yaron yana gane magana, yana karantawa, amma dikte da konjigezon sai a hankali, don babu yaron da zai tashi da safe ya ce yau sha'awata konjigezon, kuma Madam ba ta son takura. Alhali jarrabawar ƙarshen firamare ta CM2 da na sakandare, BEPC da BAC, duk da Faransanci ake rubuta su, mai gyara takarda ba ruwanshi da tattabarunka. Na yi mata magana ta ƙara rabin awa na dikte kullum, ta yarda amma da ka gani ba da son ranta ba. Ba ta ba da bultan kuma, sai dai wani kaye da take rubuta abin da yaro ya iya, mai kyau ne wajen uwa amma da na nuna wa wani darakta sai ya ce shi dai sai ya gwada yaron kafin ya san ajin da zai sa shi.

Sannan ita kaɗai ce. Ranar da take da rasuwa ko suna a dangi ba karatu, ba mai maye gurbinta, kuɗin wata kuma ba ya raguwa. Lokacin zafin Afrilu in kuran ta ɗauke zauren nan ba ya zaunuwa, sha ɗaya take sallamarsu. Aikin da ke kan iyaye ma ba kaɗan ba ne, yau a rako shi wajen dukawa ya ga yadda ake rina fata, gobe a nemo kwali da gam, uwar da ke fita aiki tun safe ba za ta iya ba gaskiya. Surutun dangi kuwa ba a magana, uwar mijina har yau cewa take mun maida jikanta ɗan kiwon tsuntsaye.

Ni a ganina ga ɗan shekara 5 zuwa 7, ko yaron da lakwal ta kashe mishi gwiwa kamar nawa, wajen ya cancanci kuɗinshi. Wanda ya kai CM1, aji na kusa da ƙarshe a firamare, kada ku cire shi, ku kai shi lokacin hutu kawai. Namu in Allah ya kai mu Oktoba lakwal zai koma, mun yi magana da ita zai riƙa zuwa ranar Asabar da babban hutu, ta ce jikka biyar. Mai son kai nashi ya je ya zauna safiya guda ya kalla tukuna, tana bari, kuma ku tambaye ta tun farko awa nawa za ta ba Faransanci a sati, a rubuta a takarda.