Fox Launch D3O a Kan Duwatsun Jos: Abin da Mai Keke Zai Duba Kafin Ya Sayi Kariyar Gwiwa

Duk wanda ya san hanyoyin da masu keken hawan dutse suke bi a Jos, daga gefen dam ɗin Lamingo zuwa cikin duwatsun Shere, ko tsakanin tsofaffin ramukan kuza na wajen Rayfield, ya san ƙasar nan ba ta raga wa gwiwa. Falalen dutse kaushi gare shi kamar magagari, burjin da ke kwance a kansa kuma gudu yake yi a ƙarƙashin taya. Idan tayar gaba ta zame a kwana, kafin hannu ya kai ƙasa gwiwa ta riga ta sauka. Hular kwano kowa ya yarda da ita. Kariyar gwiwa ce har yau ake ja-in-ja a kanta, wasu su ce zafi gare ta, wasu su ce tana hana taka feda. Mun zaɓi Fox Launch D3O mu duba ta filla-filla saboda tsaka-tsaki take: ba siririya ba ce kamar safa, ba kuma mai ƙoƙon roba mai tauri ba ce irin ta masu tseren babur.

Zura ta ake yi ta ƙafa, sai an cire takalmi. Jikinta roba ce mai laushi irin ta rigar masu nutso, an huhhuda ta don iska ta shiga. Gabanta an lulluɓe shi da yadi mai jure gurza. Sama da ƙasa akwai maɗauri mai mannewa, ɗaya a cinya, ɗaya a ƙasan gwiwa. A ciki, daidai ƙoƙon gwiwa, nan aka sa faifan D3O, wani abu mai launin ruwan lemo na wani kamfanin Ingila, kuma shi ne kake biya wa kuɗin.

Hanya mafi sauƙi ta gane aikinsa ita ce ka tuna da gasara idan ta kwanta a gindin roba. Ka tura yatsa a hankali, ya nutse. Ka buga da sauri, ka ji ta cije. Haka faifan nan yake. Kana taka feda yana lanƙwasawa tare da gwiwarka, da zarar dutse ya buge shi sai ya ƙage na ɗan ƙiftawar ido, ya baza ƙarfin bugun a faɗinsa maimakon ya tattara shi wuri guda a kan ƙashi, sannan ya koma laushinsa. Wasu kamfanonin suna da nasu mai aiki kusan haka: VPD na POC, da Sas-Tec na Jamus da ake samu a kayan Ion. Soson katifa da ake cusawa a masu araha ba ya wannan aikin. Matsewa yake yi har ƙarshe, ƙashi ya gamu da dutse.

Kada sunan kamfani ya hana ka juya kariyar ka karanta tambarin da ke ciki. Abin nema shi ne EN 1621-1, ƙa'idar Turai da aka tsara wa masu babur, masu keken dutse suka ara. A gwajin ana sakin ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita 1 a kan faifan, a auna ƙarfin da ya ratsa zuwa ƙasansa. Mataki na 1 shi ne matsakaicin abin da ya ratsa bai wuce kiloniyuton (ma'aunin ƙarfi) 35 ba, mataki na 2 kuma bai wuce 20 ba. Harafin K na nufin ta gwiwa ce. A ko B girman wurin da take rufewa ne, B ya fi faɗi. Idan ka ga T+ an gwada ta a zafin digiri 40, T- kuma a sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri. Launch D3O tana mataki na 1. Ga mai hawa da gangara a hanyoyin Lamingo da Naraguta, wannan ya wadatar. Wanda aikinsa gangarowa da gudu ta cikin manyan duwatsu ko tsalle, ya nemi mai lamba 2, ya haƙura da nauyinta da zafinta.

Duk wannan lissafi banza ne idan kariyar ba ta zauna a kan gwiwa ba a lokacin faɗuwa. Nan ne yawancin mutane suke asarar kuɗinsu, kuma nan ne muka fi ba Launch D3O maki. Faɗuwar keke ba bugu ɗaya ba ce. Gwiwa tana sauka, jiki ya ci gaba da tafiya, dutse ya kama yadin ya ja shi ƙasa. Kariyar da ta dogara da robar bakinta kawai takan saɓule zuwa ƙwauri a bugun farko, bugu na biyu ya sami fata tsirara. Maɗaurin sama shi ke hana hakan, na ƙasa kuma yana zaune a saman tsokar sha-raɓa, tudun tsokar ya zama waigi.

Amma maɗauri ba ya gyara girman da bai dace ba, don haka awo ne farkon ciniki. Samo tef ɗin tela. Tsaya, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka auna zagayen cinya a wurin da kamfanin ya ce, galibi santimita 10 sama da tsakiyar ƙoƙon gwiwa, wasu 15. Sai ka auna sha-raɓa a inda ta fi kauri. Ka auna ƙafa biyun, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya. Ka gwada da jadawalin wannan kamfanin da kansa, saboda M na Fox ba lallai ya zama M na POC ba, girman wandonka kuma ba ruwansa da wannan. Idan awonka ya faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin, domin yadin zai saki bayan makonni kaɗan na gumi da wanki. Sharaɗin kawai kada ya sa ƙafa ta yi sanyi ko yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura.

Idan kayan na hannunka kafin biya, ga gwajin da ba ya cin minti 5. Duba alamar hagu da dama tukuna, ba ɗaya suke ba. Saka, ka daidaita ramin faifan a kan ƙoƙon gwiwa, ka ɗaure maɗaurin sama yadda yatsa biyu za su shiga da ƙyar. Yi tsuguno sau 15. Ɗaga gwiwa zuwa ƙirji kamar mai taka feda sau 20 kowace ƙafa. Sannan ka sa tafin hannu a saman faifan ka tura ƙasa da ƙarfi. Idan ƙoƙon gwiwa ya leƙo, ta yi maka yawa. Sa yatsa a bayan gwiwa ka ji ko yadi ya tattare ko bakin ɗinki yana cizo. Abin da ka ji kaɗan a shago shi ne zai zama gyambo bayan awa biyu a kan sirdi. A ƙarshe ka duba gajeren wandonka: idan ka zauna a keke, ya kamata bakinsa ya rufe saman kariyar, kada a bar fili a tsakani.

Aibinta na farko zafi ne. Hudojin da aka yi mata suna taimakawa idan kana gudu, amma a doguwar hawa a hankali, musamman a watan Maris da Afrilu, bayan gwiwa zai jiƙe sharkaf. A Jos, da tsayinta ya kai kusan mita 1,200, ana iya jurewa. Mai hawa a Abuja da rana zai fi jin jiki. Wasu sukan sauke ta zuwa idon sawu a hawa, su ja ta sama kafin gangara. Dabara ce mai kyau idan ba a manta ba, sai dai yawan ja yana saurin kashe robar bakinta. Na biyu, cire takalmi duk lokacin sakawa, abin da ke da ban haushi a taɓon Agusta. Na uku, tunda gabanta yadi ne, kama dutse take yi maimakon ta sulale a kansa yadda mai ƙoƙon roba take yi. Na huɗu, ba ta sauka can ƙwauri ba, don haka haƙoran feda mai ƙusoshi za su ci gaba da samun ka idan ƙafa ta kuɓuce. Doguwar safa mai kauri tana rage wannan.

Akwai batun hunturu, wanda ya shafi mutanen Filato fiye da kowa. Irin waɗannan faifai suna ƙara tauri a sanyi. Da asubar Disamba ko Janairu za ka ji kariyar ta sandare kamar ba taka ba. Ba lalacewa ta yi ba. Saka ta tun a gida, minti 10 zuwa 15 ɗumin jiki zai sassauta ta. Zafi mai yawa shi ne abin tsoro, don yana sa faifan ya yi laushi fiye da kima, ya kuma tsufar da shi. Kada ka bar ta a but ɗin mota ko gaban gilashi cikin rana.

Ga wanda wannan ba ta yi masa ba, G-Form Pro-X3 ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kamar doguwar safa take, tana shiga ƙarƙashin wando, kana iya wuni da ita. Ta dace da mai dogon zango a hanyar gona da burji. Sai dai faifanta a waje yake, yadinta siriri ne, kuma ba ta da maɗauri, don haka ba za mu zaɓe ta ga mai shiga cikin Shere ba, balle hanyoyin ƙauye masu shingen ƙerana. Ion K-Pact Zip kuma tana da zif a gefe, ana saka ta da takalmi a ƙafa, tana da kauri, tana rufe gefen gwiwa inda sandar keke takan buga. Ita ma tana da nata kulawar: jar ƙasa tana shiga haƙoran zif, sai an riƙa goge shi da tsohon buroshin haƙori.

Tunda farashin sababbi dala yake bi, da yawa za su leƙa gwanjo a Katako ko Terminus, ko su saya ta intanet. Ba laifi ba ne, amma a buɗe ido. Lanƙwasa faifan gida biyu a gaban haske: idan ka ga tsaga, ko yana marmashewa, ko ya ƙi komawa siffarsa, bar shi. Ja bakin sama ka sake, idan bai koma da sauri ba robar ta mutu. Manna maɗaurin ka fizga. Jabu kuma yakan tona kansa ta rashin tambarin ciki, ko ka danna da babban yatsa ka ji ya nutse har ƙasa nan take. Ka lura cewa kariyar masu wasan ƙwallon raga da ta masu aikin tayil, waɗanda suka fi yawa a kasuwa, an yi su ne don durƙuso a daɓe, ba don karo da dutse ba.

Wankinta da hannu ya fi, a ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Manne maɗauran kafin ka fara don kada su tsefe yadin. Idan taka mai faifan da ke fita ce, cire shi ka goge shi daban. Ban da bilic, ban da ruwan zafi, ban da guga, kada kuma ka murɗe ta kamar tsumma. Shanya a inuwa inda iska ke bi. Da damina kada ka bar ta jiƙe a jaka har gobe, don nan wari da ƙurajen bayan gwiwa suke farawa. Gishirin gumi da ƙura suna cin ɗinki, saboda haka ko ɗauraya ce a yi mata bayan kowace fita biyu ko uku.

Abu guda da ya kamata kowa ya sani: wannan kariya ta bugu ce da gurjewa. Ba ta hana gwiwa murɗewa idan ka dire ƙafa a karkace, ba ta riƙe jijiyoyin cikin gaɓa. Mai tsohon ciwon jijiya maganarsa da likita ce, abin da zai ɗaura daban ne. Idan kuma aka faɗi, aka sami yanka mai zurfi a kan gwiwa, ko ta kumbura nan da nan, ko ta ƙi ɗaukar nauyi, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe, a nufi asibiti ranar, don rauni a kan gaɓa yana iya kai ƙwayar cuta ciki, kuma za a duba batun allurar tetanus.

Ga mai hawa sau biyu ko uku a mako a kewayen Jos, wanda rabin tafiyarsa hawa ce rabi gangara, Launch D3O ta cancanci kuɗinta muddin awon ya yi daidai. Bayan duk wata faɗuwa mai ƙarfi, juya ta ka duba faifan da ɗinkin da ya riƙe shi. Idan yadin gaba ne kawai ya ɗan yage, mai gyaran takalmi zai iya sa masa faci daga waje, amma ka ja masa kunne kada allurarsa ta huda faifan. Idan faifan ne ya tsage, sai sabuwa.