Littafin gyara ko bidiyon YouTube: wanne mai koyo zai riƙe?

Wani ƙanenmu da ke koyon gyaran kwamfuta da talabijin a unguwar Mabera ta Sakkwato ya tambaya: tunda ga bidiyo birjik a YouTube, ko akwai amfanin ya ɓata data wajen sauke littafin gyara na kamfani, wanda masu sana'a ke kira sabis manuwal? Ƙanena, akwai amfani ƙwarai, kuma in har ɗaya za ka riƙe, to ka riƙe littafin.

Ba ƙaramin littafin da ake sakowa cikin kwali nake nufi ba. Wancan na mai saye ne. Na gyara shi ne wanda kamfani ya rubuta wa ma'aikatansa, kuma Dell da HP da Lenovo duk suna ajiye nasu kyauta a shafukansu. Apple ma ya fara sakin na iPhone a 2022.

Wajen kwance na'ura, bidiyo yana da abin da takarda ba ta da shi: kana ganin hannu. Za ka ga inda aka cusa farce ko ɗan roba, da irin ƙarfin da aka sa kafin murfi ya ɓalle. Sai dai mai bidiyon nasa samfurin yake kwancewa. Kwamfutoci biyu kan yi suna kusan ɗaya, alhali wayar kibod ɗin wannan tana dama, ta waccan tana hagu. Ka bi shi ido rufe, sai ka tsinke ta. Littafi kuwa da lambar na'urarka ake nemo shi. A Dell akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 7 a ƙarƙashin kwamfutar, ita za ta kai ka kan naka daidai. Yana jera maka abin da za a fara cirewa, kuma batir yana cikin na farko. Yana faɗin girman kowane sukuru, wannan M2x3, wancan M2.5x5. Kada ka raina wannan. Dogon sukuru in ya shiga ramin gajere, fanel yake hudawa, wato babban allon da kayan lantarkin kwamfutar ke kai, kuma gyaran fanka ya koma sayen fanel.

Inda tazarar ta fi fitowa shi ne neman cuta. Bidiyo yakan ce "canza wannan kapasita (ɗan abin da ke tara wuta), talabijin zai tashi", domin abin da ya samu nasa ke nan. Littafin talabijin mai kyau yana ba ka zanen hanyoyin wuta da adadin da ya kamata mita ta nuna a kowane wuri, sai ka bi har inda wutar ta tsaya. A kwamfutocin Dell, ƙyaftawar fitila ruwan goro da fari tana da ma'ana, kuma fassarar tana cikin littafin: wannan ƙidayar ƙyaftawa matsalar ram ce, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, waccan kuma ta ƙaramin batirin agogon kwamfuta. Mai bidiyo kuma sau da yawa yakan yanke gargaɗi don kada ya yi tsawo. Babban kapasita na sashen wuta yana iya riƙe bolt sama da 300 bayan an zare soket, tsohon talabijin mai ƙeya kuwa yana aiki da wajen bolt 25,000. Wannan maganar rai ce.

Littafin ma da iyakarsa. Yawanci da Turanci yake, wani ya haura shafi 100, kuma na kwamfutar cinya kan tsaya a cire wannan sa sabo, ba ya koya maka riƙon darma. Bai kuma san Sakkwato ba. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu su ke toshe fanka su busar da man da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma nan idon maigidanka ya fi duka biyun.

Ga yadda zan so ka yi: ka karanta sashen da ya shafi aikin kafin ka ɗauki sukudireba, ka kalli bidiyo a wurin da hannu ke shakka kawai. In ba a sami littafin kamfani ba, shafin iFixit, wanda aka kafa a Amurka a 2003, yana da hotuna mataki mataki kyauta. Batun data kuwa, littafin sau ɗaya ake sauke shi, ya zauna a wayarka ko babu sabis.